Gandi, Mutumin da Ya Yi Kokawa da Jikinsa

Yawancin masu karatu sun san sunan Mahatma Gandi, wanda ya ja ragamar mutanen Indiya har suka sami mulkin kai a 1947. Amma akwai wani yaƙi nasa da ba a cika ba da labarinsa ba, watau yaƙi da kwaɗayi da sha'awar jikinsa.

An haife shi ran 2 ga Oktoba, 1869, a Porbandar. Iyayensa masu bin addinin Hindu ne, gidansu ba a cin nama. Tun yana yaro wani abokinsa ya ruɗe shi, wai cin nama ne ya ba Turawa ƙarfin mulkinsu. Suka ɓuya a bakin kogi suka ci naman akuya. Daren nan bai yi barcin kirki ba, ya riƙa ji kamar akuya tana kuka a cikinsa. Daga baya ya bari, gama ba ya iya jure yi wa uwarsa ƙarya.

Aka yi masa aure yana da shekara 13, da wata yarinya, Kasturba. A 1885 ubansa ya kwanta ciwo, shi ne kuwa mai jiyya. Wata rana da dare yana matsa masa ƙafafu, sai ƙanen uban ya zo ya karɓe shi. Gandi ya yi murna, ya nufi ɗakin matarsa, ya tashe ta daga barci. Ba a jima ba bara ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ashe uban ya cika. Matar kuwa tana da ciki, jaririn da ta haifa bai yi mako ba ya rasu. Kunyar daren nan ta bi Gandi har tsufansa.

A 1888 ya tafi Ingila koyon aikin lauya, bayan uwarsa ta sa ya yi rantsuwa ba zai taɓa nama ko giya ko mata ba. A can ya fara karanta Bagabad Gita, babban littafin addininsu. Littafin yana koyar da cewa in mutum ya yi ta tunanin abin da ido ko baki ke so, sai ya shaƙu da shi. Shaƙuwa ta haifi sha'awa, sha'awar da aka tare ta haifi fushi, fushi kuwa ya ɓata hankali. Ya kuma bambanta daɗi iri iri: na jiki ya kan fara da zaƙi ya ƙare da ɗaci, na mai kamewa ya kan fara da ɗaci ya ƙare da zaƙi. Ya karanta wa'azin Yesu a kan dutse kuma, ya ratsa shi ƙwarai, amma bai bar addinin iyayensa ba.

Ya koma Afirka ta Kudu a 1893. A 1906, bayan ya yi aikin ɗaukar Zulu da aka ji wa rauni a yaƙi, ya yi wa'adi ba zai ƙara kusantar matarsa ba har mutuwa. 'Ya'yansu huɗu a lokacin, duka maza. A ganinsa harshe ne ƙofar sauran sha'awa, saboda haka ya bar kayan yaji, ya ƙaurace wa gishiri, a 1912 kuma ya bar shan madara. Da atuni ya kusa kashe shi a 1918, likita ya nace sai ya sha. Kasturba ce ta sami dabara: ta tuna masa saniya da ɓauna ne a ransa sa'ad da ya yi wa'adin, ba akuya ba. Ya yarda ya sha, amma zuciyarsa ba ta daina zarginsa ba.

Shi dai ya shaida cewa kamewa ta ba shi farin ciki da ƙarfin aiki. Amma ba shi kaɗai ya ɗauki nauyin ba. Babban ɗansa Harilal, wanda ya hana shi zuwa karatu Ingila, ya yi fushi ya rabu da shi, ya zama mashayi. Da tsufa kuma Gandi ya riƙa gwada kansa ta wurin kwana kusa da 'yan matan danginsa. Wannan abu ba shi da kyau ko kaɗan, har waɗansu abokan aikinsa suka bar shi saboda haka.

Ran 30 ga Janairu, 1948, yana tafiya wurin addu'ar yamma a Delhi, wani mai bin addinin Hindu ya harbe shi. Cikin ɗan abin da ya bari akwai takalma, da tabarau, da agogo, da kwanon cin abinci. Harilal ya rasu a asibiti a Bombai a watan Yuni na wannan shekara.