Ɗanmaraya Jos: Mai Kuntigin Da Ya Yi Wa Karen Mota Waƙa

An haifi Adamu Wayya a Bukur, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne a wajen Sarkin Hausawan garin, ya rasu yaron yana jariri, ba a daɗe ba mahaifiyar ta bi shi. Sarkin ne ya riƙe shi, daga nan laƙabin Ɗanmaraya ya bi shi har kabari.

Ɗan makaɗin sarki, hanyarsa a share take: ya gaji ubansa, ya yi ta wasa masu rawani. Sai wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ta haɗa shi da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake rufe bakinsa da fatar akuya. Ba ya bukatar 'yan amshi, ba ya bukatar makaɗa. Abin da aka ji a faifansa shi ne abin da zai yi a gaban jama'a, murya ɗaya da tsirkiya ɗaya.

Muhimmin abu shi ne wanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Waƙar Karen Mota ta ɗaga darajar yaron da ke loda kaya, ya sa wa taya waigi, ya kwana a ƙarƙashin mota. A gari irin Potiskum, inda manyan motoci ke jigilar shanu da hatsi zuwa kudu, ba a bukatar a yi wa kowa fassararta. Haka ya taɓo auren dole, da gulma, da zaman mai akwai da mai babu. Ya yi wa manya waƙa, gaskiya ne, amma ba su ne suka raya sunansa ba.

Masu kwatanta shi da mawaƙan bulus na Amurka ba su yi nisa ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafin da ya wallafa a 1999, ya alaƙanta salon bulus na yankin Misisifi da kiɗan Hausawa da maƙwabtansu: mutum shi kaɗai da tsirkiyarsa, yana faɗin halin talaka.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.