Dorugu: Ɗan Manomin da Ya Ga Turai a 1855

Duk ɗalibin da ya nazarci tarihin rubutun boko ya san sunan J. F. Schön, Bajamushen nan ɗan mishan wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma Magana Hausa a 1885. Amma ba kowa ya san Bahaushen da aka ɗebo yawancin Hausar nan daga bakinsa ba. Sunansa Dorugu, shi ne kuma wannan ɗan taƙaitaccen tarihi zai duba.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram. Ƙasa ce ta gero da dawa, irin karkarar Ɗambatta da Bichi a arewacin Kano, inda gona ke haɗe da gona. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi. Bai fi shekara 12 ba mahara suka kama shi, aka yi ta cinikinsa har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi aiki tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega.

Tare da Barth suka ratsa Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a 1853, suka biyo ta Kano a 1854. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Malta da Faransa, suka sauka Landan cikin watan Satumba. Daga nan Barth ya wuce da su Hambug, garin iyayensa, da kuma Balin.

A nan ne reshe ya juye da mujiya. Shekara da shekaru Barth yana yawo ƙasashenmu da alƙalami a hannu, yana rubuta yadda muke ci da yadda muke sutura. To, ga shi yau yaro ɗan shekara kamar 16 yana yi wa Turawa irin wannan kallo. Wanda bai san wani sanyi ba sai na hunturu, ga shi a ƙasar da ruwa ke daskarewa. Wanda ya saba da taguwa da doki, ga shi cikin jirgin ƙasa. Shi kansa kuma ya zama abin kallo, domin baƙar fata ba ta yawaita a Jamus ba a lokacin.

Abin lura shi ne, manyan gine-gine ba su ɗauke masa hankali daga halayen mutane ba. A Jamus ya lura da yawan shan taba, har ya ba da labarin cewa akan ga yaro ƙarami da lofe a baki. A Ingila kuwa ya tsaya ya bayyana yadda ake cin abinci a gidajen manya, maza da mata a tebur guda, ga ƙa'idoji barkatai. Ga wanda ya tashi inda maza ke kewaye akushi su sa hannu, mata kuma na can cikin gida, wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne. Duk da haka bai raina Turawa ba, bai kuma raina gidansu ba. Abin da ya gani ya faɗa, da ma'aunin da ya taho da shi daga ƙauye.

Barth ya shirya mayar da yaran gida a 1856, amma Schön ya shawo kansu suka zauna wurinsa, abin da ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa, wanda aka yi wa baftisma da sunan James Henry, ya zauna har 1864. Cikin waɗannan shekaru ne ya yi ta zuba wa Schön tatsuniyoyi da kalmomi da labarin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa.

Bayan ya komo ya yi aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Jirgin ƙasan da ya shiga tun yana yaro ya iske shi a Kano a 1911, shi kuma ya rasu a 1912. A 1971 kuma Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Turanci, da sunansa a matsayin mai labari.

Saboda haka, idan ana lissafin magabatan rubutun zube na Hausa, bai kamata a fara daga gasar 1933 ba tare da an waiwayi Dorugu ba. Alƙalamin na Schön ne, amma harshen da idon da ya ga Turai na ɗan manomin Dambanas ne.