Alhaji Umaru Salaga (1858–1934)

An haifi Alhaji Umaru a Kano a shekarar 1858. Fataucin goro ne ya fara kai shi ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, inda ya zauna a Salaga. Bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, sai ya koma Kete-Karaci, ya zama limamin zango.

A nan ya ƙare rayuwarsa yana baƙo: jan salla, karantar da almajirai, da rubuta waƙoƙi cikin Larabci da ajami. Ya kuma rubuta wa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, bayanan tarihi da al'adun Hausawa, waɗanda ba don zaman baƙuncin nan ba da wuya su iso gare mu. Ya rasu a 1934, bai koma Kano da zama ba.