Grace Livingston Hill, bazawarar da ta ciyar da gidanta da labaran soyayya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka mu ɗauko labarin wata mata da ta rasu tun shekara ta 1947, amma har gobe ana buga littattafanta ana saidawa. Sunanta Grace Livingston Hill. Ita ake ɗauka a matsayin uwar wani irin rubutu da ya zama babbar kasuwa a can, wato labaran soyayya na mabiya addinin Kirista, waɗanda a cikinsu saurayi da budurwa ba su kai ga aure sai imani ya daidaita tsakaninsu, wanda ya ɓace hanya kuma ya tuba ya dawo. Duk wadda ta taɓa sayen ƙaramin littafin soyayya na Kano a kasuwar Maradi ko ta Damagaram ta san ɗan uwan wannan kaya: mace ce ke rubutawa, mata ke karantawa, masu ilimin boko kuma suna taɓe baki. Abin da ya sa muka zaɓo ta domin ƴan kasuwa shi ne, ita wannan mata rubutu sana'a ne a wurinta, kamar yadda wata ke tuya wata ke saida atamfa. Ranar da ba ta rubuta ba, tukunya ba ta hau murhu ba.

An haife ta ran 16 ga watan Afrilu na shekara ta 1865 a wani ƙaramin gari mai suna Wellsville cikin jihar Niyok, kwana ɗaya bayan mutuwar shugaba Abraham Lincoln da aka harbe. Ubanta, Charles Livingston, fasto ne na ɗariƙar Presbyterian. Uwarta Marcia tana rubuta labarai. Ƙanwar uwar kuwa, Isabella Alden, ta riga ta yi suna ƙwarai da littattafan da take sa ma hannu da laƙabin Pansy. Kun ga ke nan yarinyar ta tashi ne a gidan da alƙalami yake tamkar ludayi a gidan mai fura. Tana da shekara 12 innar tata ta ɗauki wani labari da ta rubuta, ta sa aka buga shi aka ɗinke kamar littafi na gaske, ta ba ta kyauta.

Littafinta na farko da ya shiga kasuwa ya fito a 1887, kuma dalilinsa kuɗin tafiya ne. A lokacin iyalin sun koma Fulorida, can kudancin ƙasar, saboda lafiyar uban. Akwai wani babban taron karatu da wa'azi da ake yi kowace shekara a Chautauqua, bakin wani tafki a jihar Niyok, wanda gidansu bai saba fashinsa ba, ga shi kuma aljihun fasto ba ya ɗaukar kuɗin jirgin ƙasa. Sai Grace ta zauna ta rubuta A Chautauqua Idyl, ta saida ma wani kamfanin ɗab'i, aka biya ta, iyali suka yi tafiyarsu. Tun daga nan ta gane cewa labari ma haja ne. A Fuloridan ta kuma koyar da motsa jiki a kwalejin Rollins, abin da ba a cika ganin mace na yi ba a wancan zamani.

A 1892 ta auri wani matashin fasto, Thomas Franklin Hill, wanda aka fi kira Frank, suka zauna a yankin Filadelfiya, jihar Pensilbaniya. Allah ya ba su ɗiya mata biyu, Margaret da Ruth. Ga mai kallo daga waje, gida ne na sha'awa. Amma jikanta Robert Munce, wanda ya rubuta tarihinta, ya bayyana abin da ta ɓoye a zuci shekara da shekaru: mijin yana fama da matsanancin ciwon kai, likita ya sa shi kan morfin, maganin ya kama shi har ya kasa rabuwa da shi. Matar fasto ce, ba ta da wanda za ta kai ma kuka ba tare da ta zubar da mutuncin mijinta gaban jama'arsa ba. Ta rufa masa asiri, ta yi ta jinya. A 1899 ciwon hanjin nan da ake kira apandisit ya kama shi, ya rasu. Aurensu shekara bakwai ke nan.

Nan ne labarin ya zama na kowace mace da ta san zafin rashin maigida. Gidan da suke ciki na coci ne, na wanda ke riƙe da aikin fasto, don haka da aka binne mijin dole ta kwashe kayanta ta ba magajinsa wuri. Tana da shekara 34, babbar ɗiyar ba ta wuce shida ba, ƙaramar kuwa tana goye. Ba a cika shekara ba ubanta ma ya bi, uwarta ta dawo hannunta. Baki huɗu ke nan, ba gona, ba shago, ba fansho. Jarinta duka bai wuce kanta da keken rubutu ba.

Ta koma wani gari kusa da Filadelfiya mai suna Swarthmore, ta shiga rubutu ba dare ba rana: gajerun labarai na mujallu, darussan addini na jaridu, labarai masu tsawo da ake bugawa kashi-kashi kafin a haɗa su littafi. Da kuɗin nan ta yi gidan dutse a garin, ta riƙa ƙara masa ɗakuna gwargwadon yadda ciniki ya buɗe, irin dai yadda mai sana'a ke gini da kaɗan-kaɗan. A cikin wannan gida ta zauna har ƙarshen ranta.

Ƙofar arziki ta buɗe mata sosai a 1908, lokacin da kamfanin J. B. Lippincott na Filadelfiya ya buga littafinta Marcia Schuyler. Ku ji yadda labarin yake, don zai yi maku kama da wanda kuka taɓa ji a unguwa. Ana gobe ɗaurin aure amarya ta gudu da wani soja. Don kada gida ya kunyata, aka sa ƙanwarta Marcia ta maye gurbinta, da kayan amarcin da aka ɗinka ma yayar. Ango dai zuciyarsa na wajen wadda ta gudu. Sauran littafin duka yadda haƙurin yarinyar da halinta na kirki suka juyo da shi ne, har ya gane cewa wadda aka ba shi ta fi wadda ya nema. Mata suka yi rububinsa. Daga nan Lippincott ya riƙe ta shekaru kusan arba'in, wata shekarar ma har littafi uku take ba su.

Wani da ake yawan ambata shi ne The Enchanted Barn na 1918. Yarinya ce mai aikin ofis, Shirley, ubanta ya rasu, uwarta ba lafiya, ga ƙanne, ga gidan hayarsu za a rushe. Ta hau tarago da ƴan kuɗin da suka rage mata ta fita bayan gari neman wuri, sai ta ga wani tsohon ginin dutse da ake ajiye dabbobi da ciyawa, ta je ta roƙi masu shi su ba ta haya. Ɗan masu wurin, attajiri ne matashi, ya ga natsuwarta, ya gyara masu ginin ya zama gida, ƙarshe dai kun san inda aka kwana. Wanda ya san tarihin marubuciyar ba zai yi mamakin yawan kuɗin haya da bashi da tsoron kora da ke cikin littattafanta ba. Takan tsaya ta lissafa abin da aka saya da kuɗin da ya rage, ta kwatanta yadda aka share ɗaki aka rataya labule aka dafa ɗan abinci mai daɗi da kayan miya kaɗan. A ganina nan ne ƙarfinta yake, fiye da wajen soyayyar ita kanta.

Aibinta ma a fili yake, ba sai an tona ba. Na kirki a littafinta na kirki ne ƙwarai, mugu kuma mugu ne tun daga shafin farko. Mace mai jan baki da shan taba, da wuya ta ƙare lafiya. Attajiri mai tsoron Allah kullum yana nan laɓe a bayan ƙofa yana jiran lokacin da talaka za ta shiga uku. Masu sharhin adabi na manyan jaridu ba su ɗauke ta da daraja ba. Ita kuwa ba don su take yi ba: ta ɗauki rubutun a matsayin wa'azi, a littattafanta na baya ma mutum zai tarar da kiran tuba ɓaro-ɓaro a tsakiyar labarin ango da amarya. Masu saye kuma suka ci gaba da saye, har cikin shekarun 1930 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane na neman abin da zai sanyaya masu rai.

To ga abin da masu karatunta da yawa ba su sani ba a lokacin. Matar nan da ke ɗaura aure mai daɗi a ƙarshen kowane littafi, nata auren na biyu bai yi daɗi ba ko kaɗan. A 1904 ta auri wani mai kaɗa kayan kiɗan coci, Flavius Josephus Lutz, wanda ta girme wa da shekara 15. Zaman bai yi ba. Ita ke nema, shi ke ci, ga rashin jituwa da ɗiyanta. Aka yi ta jan zare shekara goma, a 1914 ya bar gidan. Amma fa ba ta nemi saki ba, domin aƙidarta ba ta yarda da kashe aure ba. Haka ta zauna sauran rayuwarta, ba ita ga matar aure ba, ba ita ga bazawara ba. Littattafan wancan lokaci suna ɗauke da sunan Grace Livingston Hill Lutz. Daga baya ta cire sunan nasa daga bangon. Wasu kuma ta sa masu sunan uwarta na budurci, Marcia Macdonald.

Kuɗin da ta samu ba ta tara su ba. A 1919 ta haɗa hannu da Evangeline Booth, shugabar ƙungiyar agaji ta Salvation Army a Amurka, suka rubuta littafi kan aikin ƙungiyar a Yaƙin Duniya na ɗaya. Ta kuma ɗauki nauyin wata tsohuwar majami'a kusa da Swarthmore, inda take koyar da ƴaƴan baƙin Italiya masu aikin ƙarfi, tana kashe abin hannunta a kansu. Idan aka gayyace ta jawabi ta tafi, ta dawo ta zauna gaban kekenta.

Ta rubuta littafi sama da 100. Ta rasu ran 23 ga watan Fabrairu na 1947 a Swarthmore, tana da shekara 81, da wani littafin a hannu ba ta gama ba.

Kasuwar da ta buɗe ta yi sanyi na ɗan lokaci bayanta, sannan ta sake tashi. A 1979 wata ƴar Kanada, Janette Oke, ta fito da Love Comes Softly, labarin bazawarar da ta yi auren dole don ta samu wurin fakewa, soyayya ta zo daga baya. A 1997 kuma Beverly Lewis ta buga The Shunning, wanda ya jawo yayin labaran Amish. Su Amish wasu Kiristoci ne da kakanninsu suka yi hijira daga Suwizilan da Jamus tun ƙarni na 18, da yawansu suna zaune a gundumar Lancaster, cikin jihar Pensilbaniya ɗin nan da Grace ta yi rayuwarta. Ba su jawo wutar lantarki cikin gida, ba su mallakar mota, keken doki suke hawa, matansu na rufe kai. Grace ba da labarinsu ta yi suna ba, kuma yawancin masu rubuta waɗannan littattafai da masu karanta su ba Amish ba ne. Amma awon da ta bari shi ake aunawa da shi har yau: ba batsa, akwai addu'a, akwai tuba, a ƙarshe a ɗaura aure.

Shi kuwa littafin da mutuwa ta katse, Mary Arden, ɗiyarta Ruth ce, wadda ke goye ranar da aka fitar da su daga gidan coci, ta ɗauki takardun ta ƙarasa shi, aka buga a 1948. Ruth ɗin ta ci gaba da rubuta nata labaran, ta kafa makaranta a Fulorida, ta rasu a 2001 tana da shekara 103.