Georges Lemaître, limamin cocin da ya riƙe abin da Einstein ya yar

A 1927 wani matashin malamin jami'a ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya wallafa maƙala da Faransanci a wata mujallar kimiyya ta Brussels wadda ba kowa ke karanta ta ba. A ciki ya nuna cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, kuma gwargwadon nisan gungun taurari daga gare mu, gwargwadon saurin da yake ƙara nisa. Bayan shekara biyu Edwin Hubble na Amurka ya fitar da irin wannan sakamako da Turanci, sai duniya ta laƙaba wa dokar sunan Hubble.

An haifi Lemaître ranar 17 ga Yuli 1894 a garin Charleroi. Yana karatun injiniya a Jami'ar Louvain Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga soja. Bayan yaƙi ya koma ga lissafi, a 1923 kuma aka naɗa shi limamin cocin Katolika. Daga nan ya tafi Ingila wajen Arthur Eddington, masanin da ya je tsibirin Principe a mashigin tekun Gini a 1919 ya auna kusufin rana don gwada nazariyar Einstein kan ƙarfin da ke sa abubuwa masu nauyi jan juna.

Da suka haɗu a Brussels a 1927, Einstein ya yarda lissafin matashin daidai ne, amma ya ƙi amincewa da ma'anarsa. Tun 1917 Einstein ya saka wani adadi mai suna lamda a lissafinsa, wani ƙarfin turawa da zai tare jan juna don sarari ya zauna cak. Da hujjar faɗaɗa ta bayyana, ya yi watsi da lamda a 1931. Lemaître kuwa ya riƙe shi. A wannan shekara ya kawo ra'ayin cewa komai ya faro ne daga dunƙule guda, ya kuma zana tarihin sarari mai mataki uku: faɗaɗa mai rage gudu, sai ɗan lafawa, sannan gudu mai ƙaruwa idan lamda ya rinjayi jan juna. Daga baya ya fassara lamda da makamashin da ke cikin sarari ko da babu komai a cikinsa.

Shekara 32 bayan mutuwarsa, a 1998, tawagogi biyu masu nazarin taurarin da suka tarwatse can nesa suka gano cewa lallai gudun faɗaɗar ƙaruwa yake yi. Aikin ya jawo wa Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011.

Har yau masana sun rabu kan dalilin. Mafi yawansu na bin sawun Lemaître, suna cewa ɓoyayyen makamashi ne, kusan kashi 68 cikin ɗari na abin da sarari ya ƙunsa. Wasu kuma na ganin dokar Einstein ce ke buƙatar gyara idan nisa ya kai na biliyoyin shekarun tafiyar haske, kamar yadda ita ma ta gyara ta Newton. Na'urar hangen nesa ta Euclid da Turai ta harba a Yuli 2023 tana cikin masu neman raba wannan gardama.

Duk da rigarsa ta limanci, Lemaître bai yarda a mai da lissafinsa hujjar addini ba, ko da Fafaroma Pius na 12 ya karkata ga haka a 1951. Ya mutu a Louvain ranar 20 ga Yuni 1966. A 2018 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta kaɗa ƙuri'a, ta ba da shawarar a riƙa kiran dokar da sunan Hubble da Lemaître tare, shekara 91 bayan fitowar maƙalar tasa ta Faransanci.