Tarihin Hugo Junkers, Mai Jirgin Ƙarfe

A wannan makon mun kawo muku tarihin Hugo Junkers, injiniyan Jamus wanda ya sa tafiya a jirgin sama ta zama abin jin daɗi.

An haife shi ranar 3 ga Fabrairu, 1859, a garin Rheydt. Shekaru bayan ya gama karatu sai ya kafa kamfani a Dessau, yana ƙera tukunyar dumama ruwan wanka mai amfani da gas. Sai da ya kusa shekara hamsin sannan ya shiga harkar jiragen sama.

A lokacin, da katako da yadi ake yin jirage, domin mutane suna ganin ƙarfe ya yi nauyin da ba zai tashi ba. Junkers bai yarda ba. A 1915 ya ƙera jirgi na ƙarfe zalla, kuma ya tashi.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsofaffin jiragen yaƙi ake gyarawa a ɗauki fasinja. Wani lokaci mutum a fili yake zama, iska da sanyi suna dukansa. A 1919 Junkers ya fito da jirgin F 13. Jikinsa kamar kwanon rufi yake, amma a ciki akwai rufaffen ɗaki na mutum huɗu, da kujeru masu laushi da tagogi. An ƙera fiye da 300, ƙasashe da yawa suka saya. A 1929 kuma ya yi ƙaton jirgi G 38, wanda wasu fasinjoji suke zama a cikin fukafukansa suna kallon gaba ta gilashi. Sai dai masu hali ne suke iya biyan kuɗin irin wannan tafiya.

Ƙarshensa ne ya ba mu tausayi. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sun so kamfaninsa don yin jiragen yaƙi. Da suka ga ba nasu ba ne, sai suka tilasta masa ya miƙa kamfanin, suka hana shi komawa Dessau, suka tsare shi a gida. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu, 1935, ranar da ya cika shekara 76. Bayan mutuwarsa, wasu daga cikin jiragen da suka yi ta zuba bama-bamai a yaƙi na biyu suna ɗauke da sunansa.

Mu dai idan muka ga jirgin fasinja ya wuce ta saman makarantarmu, da jirginsa na mutum huɗu za mu tuna shi.