Pestalozzi, Malamin Ƙananan Yara

'Yan'uwa masu karatu, a cikinmu akwai malaman makaranta da yawa, akwai kuma dattawan ekklesiya da aka danƙa musu aikin lura da malamai. Saboda su duka muka kawo labarin wani mutumin ƙasar Suwizalan, wanda bai fara koyarwa a makarantar gari ba sai da ya wuce shekara 50, ya kuwa sha wuya a hannun masu iko da makarantu, ya kuma sha taimakonsu.

An haifi Johann Heinrich Pestalozzi a birnin Zurik ran 12 ga Janairu, 1746. Ubansa likita ne, amma ya rasu tun yaron yana shekara 5, ya bar gida ba kome. Uwarsa da wata baranya mai aminci, sunanta Babeli, su suka goye shi. Kakansa pasto ne a wani ƙauye kusa da birnin. In an ba da hutu yaron ya kan je wurinsa, ya bi shi gida gida gai da matalauta. A nan ya fara ganin yadda a ke sa 'ya'yan talakawa kaɗi da saƙa tun ba su iya karatu ba. Da fari ya so ya zama pasto, ya sake shawara ya nufi aikin shari'a, daga baya ya koma noma. A 1769 ya auri Anna Schulthess, ya sayi gona da bashi, ya sa mata suna Neuhof. Gonar ba ta yi albarka ba. A 1774 ya tara yara mabarata a gidansa, yana ciyad da su, yana koya musu karatu da kaɗi, amma bai iya riƙon kuɗi ba, a 1780 aka rufe wurin. Shekara 18 ya zauna ba shi da aji, sai rubuta littattafai. Wanda ya fitar a 1781, Lienhard und Gertrud, ya kawo masa suna, amma suna ba ya cika rumbu.

A 1798 sojan Faransa suka shiga Suwizalan, aka kafa sabuwar gwamnati. Mutanen Nidwalden suka ƙi bi, aka faɗa musu da yaƙi a watan Satumba, aka kashe wajen mutum 400, aka ƙone gidaje. Marayu suka cika garin Stans. Ministan ilmi, Stapfer, wanda ya san Pestalozzi, ya goyi bayan a aike shi ya tara su. Aka ba shi wani sashe na gidan sistocin Katolika, magina ba su ko gama gyara ba, ran 14 ga Janairu, 1799, ya fara karɓar yara. Kafin a jima suka kai 80.

Ba shi da mataimaki sai mace ɗaya mai dafa abinci. Yaran sun zo da ƙazwa da ƙwarƙwata, waɗansu a rame ƙwarai, waɗansu sun saba da bara da ƙarya. Shi ke wanke su, shi ke jiyyarsu, abin da suka ci shi ya ke ci, a ɗakinsu ya ke kwana. Karatu tun daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8, da kuma daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 8, tsakani kuwa aikin hannu. Tun da shi ke ba littattafai, sai ya faɗi magana su maimaita gaba ɗaya, yaron da ya gane kuma ya zauna tsakanin biyu da ba su gane ba ya koya musu. Sa'ad da gobara ta cinye garin Altdorf a watan Afril, ya tara yaran ya tambaye su ko za su yarda a kawo yara 20 daga can. Bai ɓoye musu ba, ya ce abinci zai ragu, aiki zai ƙaru. Suka yarda.

Amma mutanen gari ba su so shi ba. Su 'yan Katolika ne, shi kuwa ba nasu ba, ga shi kuma gwamnatin da ta jawo musu masifa ita ta aiko shi. Waɗansu iyaye su kan jira sai an ɗinka wa yaro riga, sa'an nan su zo su ɗauke shi. Wakilan gwamnati da aka sa su duba gidan suka rubuta wa manya, suka yaba ƙoƙarinsa, amma suka yi ƙara cewa ba tsari, kome shi kaɗai ya ke so ya yi. Mu dai mun ga ba ƙarya suka yi ba. Mutum ɗaya ba ya iya zama uba da likita da malami ga yara 80, ya kuma riƙe lissafi daidai. A watan Yuni aka ƙwace ɗakunan domin a yi asibitin soja, aka sallami yawancin yaran. Wata biyar ke nan da farawa. Pestalozzi ya fita yana tofar da jini, ba a kuwa sake mayar da shi ba.

Da ya sami sauƙi, Stapfer ya nema masa wuri a garin Burgdorf, a makarantar 'ya'yan waɗanda ba 'yan asalin gari ba. Malamin wurin, Samuel Dysli, mai ɗinkin takalma ne, a cikin ɗakin karatun ya ke sana'arsa, yara 73 suna hardace littafin tambaya da amsa na addini wanda a ke kira Katikisim na Heidelberg. Aka ba Pestalozzi rabin yaran. Shi kuwa ya ajiye littattafai, ya ba su alluna na dutse su yi zane, yana koya musu muryar kowane harafi. Dysli ya ji tsoro kada baƙon ya ƙwace masa aiki, ya shiga gaya wa iyaye an yar da Katikisim. Iyaye suka taru suka ce ba za a yi gwaji da 'ya'yansu ba, in manyan gari suna son sabuwar hanya, su gwada ta a kan nasu. Har aka baza magana wai sabon malamin bai iya rubutu da lissafi sosai ba. Kada mu yi saurin zagin iyayen nan, gama tsoron Allah su ke so a koya wa 'ya'yansu. Pestalozzi ma yana so, ya kan yi addu'a da yara safe da yamma a Stans. Abin da ya ƙi shi ne a cika bakin yaro da kalmomin da zuciyarsa ba ta gane ba.

Abokansa suka sama masa ƙaramin aji a makarantar wata malama, Stähli, yara wajen 25, masu shekara 5 zuwa 8. Mutumin da littafinsa ya kai har Jamus ya koma koyar da a, ba, ca a ƙarƙashin wata, yana shiga aji a ɗarare kowace safiya don kada a sake korarsa. Ya yi haruffa a kan gutsattsarin kwali, yara suna harhaɗa su da hannu. Bayan wata 8, a watan Maris na 1800, kwamitin makarantun gari ya zo ya jarraba yaran. Suka iske ƙananan nan sun kai inda ba a saba gani ba, suka rubuta masa takardar yabo, aka kuma ɗaga shi zuwa aji na manyan yara, su wajen 60.

A nan ne wani yaro mai shekara 10, Johannes Ramsauer, ya zauna a gabansa, da ya girma kuwa ya rubuta abin da ya tuna. Bisa ga faɗarsa, ba tsarin lokaci a ajin. Malam ya kan tsaya ba kwat, yana ɗaga murya har kafin ƙarfe 10 ta dishe. Akwai wata tsohuwar takarda da aka manne a bango, duk ta yayyage, sai ya sa yara su dubi hujin da ke cikinta su faɗi yawansa da kamanninsa, daga gajeruwar magana zuwa doguwa, har sa'a biyu ko uku. Ba ya lura da agogo. In yara suka ji hayaniyar 'yan sauran makarantu a hanya, sai su san ƙarfe 11 ta yi, su ruga ba sallama. Ya kan kai mari kuma, ko da shi ke daga baya ya hana mataimakansa dūka. Mai duba makarantu da ya shigo a irin wannan rana, da wuya ya rubuta alheri. Duk da haka daga bangon nan ne ya tabbatar da abin da aka san shi da shi: yaro ya fara ganin abu, ya taɓa shi, sa'an nan a ba shi sunansa, a kuma yi renon kai da zuciya da hannu tare.

A 1800 gwamnati ta bar masa tsohon gidan sarauta na Burgdorf, ya buɗe makarantarsa tare da wani saurayi malami, Hermann Krüsi, wanda ya iya riƙon aji. Da mulki ya sake, hukumar Bern ta karɓe gidan a 1804. Ya koma Yverdon, inda makarantar ta yi shekara 20, ƙasashe suna aiko da malamai su koya. A 1809 majalisar ƙasa ta aiko mutum uku su duba, rahotonsu kuwa ya ce hanyar ba ta dace da makarantun ƙauye ba. Matarsa ta rasu a 1815. Manyan mataimakansa biyu, Niederer da Schmid, suka shiga gāba, shi kuwa ya kasa raba su. Malamai 16 suka tafi a 1816, rigima ta kai gaban alƙali, a 1825 aka rufe makarantar.

Ya koma Neuhof wurin jikansa. Ya rasu a garin Brugg ran 17 ga Fabrairu, 1827, yana da shekara 81, aka binne shi a ƙauyen Birr, a gindin bangon makarantar ƙananan yara.